Wasiƙar da Sarkin Musulmi Bello ya karɓe, da makullin wayoyinmu



Duk wanda ya san Ungogo ya san Fanisau, garin nan da ke arewa da birnin Kano, ba nisa da filin jirgi. Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya mayar da shi ribaɗi lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, kuma a can ne, cikin watan Janairun 1824, ya karɓi wani baƙon Bature, sojan ruwan Ingila mai suna Hugh Clapperton, wanda a tafiyarsa yake amsa sunan Abdullahi. Ta Borno baƙon ya biyo, ɗauke da wasiƙun gabatarwa daga Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi. Da su ya wuce Kano har Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, suka rabu da mutunci. Waɗancan wasiƙu dama an rubuta su ne domin a nuna wa masu mulki. Wasiƙar da ta jawo rigima ita ce wadda ya zo da ita a zuwansa na biyu.

A 1826 Clapperton ya dawo, wannan karon ta Badagiri. Ya bar yaronsa Richard Lander a Kano da kaya, shi kuma ya wuce wajen Bello. Cikin kayan akwai kyaututtuka da makamai, da kuma wasiƙa daga gwamnatin Ingila zuwa ga Shehun Borno. Sai dai zamani ya juya: Sakkwato da Borno suna cikin yaƙi, har ma a farkon 1827 rundunar Shehu ta doso Kano, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare ta. A watan Disamban 1826 aka ɗauko Lander da kayan daga Kano zuwa Sakkwato ba da sanin maigidansa ba. Bello ya nemi a ba shi wasiƙar. Clapperton ya ce amana ce, ba shi aka rubuta wa ba. Aka ƙwace ta, tare da kayan da aka nufi Borno da su. Baturen ya ɗauki abin a matsayin cin amana, ya faɗa wa Waziri Giɗaɗo maganganu masu zafi, ya kuma rubuta su a littafin tafiyarsa. Bai bar Sakkwato ba. Ya rasu ranar 13 ga Afrilun 1827.

Na daɗe ina juya wannan labari, kuma ban ga yadda zan ɗora wa Bello laifi ba. Mutum ne aka kawo wa abokin gabarsa makamai da saƙo ta cikin ƙasarsa ana tsakiyar yaƙi, ga kuma labarin yadda Ingilishi suka ci Indiya ya riga ya iso Sakkwato. Wace gwamnati ce za ta ce a wuce lafiya? Amma ku lura da siffar abin. Wasiƙa ɗaya ce. An san mai ita, an san wanda ya nema, an san dalili. Ido da ido aka yi, har mai wasiƙar ya sami bakin yin gardama, gardamar kuma ta shiga tarihi muna karantawa bayan shekara kusan ɗari biyu. Wannan shi ne abu mafi kusa da abin da yau ake kira waranti, wato takardar da alƙali ke sa wa hannu a binciki wane, a wuri kaza, saboda dalili kaza.

Ku riƙe wannan, mu matsa gaba da shekara 77.

Daular Usmaniyya da takarda take tafiya. Sarakuna suna rubuta wa Sarkin Musulmi da Larabci, a buga hatimi, manzo ya ɗauka a kan doki. Kowace masarauta tana da ƙofarta a Sakkwato, wato babban da saƙonta ke bi ta hannunsa, kuma Waziri shi ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas. Saboda haka gidan Waziri ya zama rumbun asirin daula. Babu mugun nufi a tara takardun nan. Aikin mulki ne, kuma wanda aka ba ajiyar amintacce ne ɗan amintattu.

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Turawa suka sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. Abin da sarakuna suka rubuta cikin firgici da shawara tsakanin 'yan uwa ya koma hannun waɗanda ake shawarar a kansu. A ciki akwai saƙon Lamiɗon Adamawa Zubairu bayan an ci Yola a 1901. Akwai na Sarkin Kano Alu, inda yake ba da shawarar a yi hijira a bar wa Nasara ƙasar. A 1927 wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fitar da fassararsu da Turanci a Legas, cikin littafi mai suna The Occupation of Hausaland. Sarki Alu bai ga littafin ba, domin ya rasu a Lakwaja a 1926, inda aka tsare shi. Ranar da ya sa aka rubuta waccan wasiƙa, mutum ɗaya yake wa magana.

A nan ne nake ganin asalin darasin batunmu yake. Ba wanda ya ci amana a gidan Waziri. Rumbun yana nan yadda aka gina shi, mai iko da ƙasar ne ya canja. Duk wurin da aka tara asirin mutane domin amfanin hukuma, to an tara shi ne domin duk wanda zai riƙe hukumar nan gaba, da duk wanda ya iya haura katangarta.

Akwai kuma wata wasiƙa ta wannan zamani da ya kamata marubuci ya sani. Gwamna Lugga ya kafa hujjar yaƙar Sakkwato da wani saƙo da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, mai nuna babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Fassarar Turancin ce ta yaɗu. D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne a Arewa, ya yi shakkar wannan wasiƙa a littafinsa na 1964, Concerning Brave Captains, ganin ba a iya nuna asalinta na Larabci ba. Wato wanda ya riƙe takardarka shi ne kuma mai fassara ta, shi ne mai zaɓen layin da za a karanta wa duniya. Zan dawo kan wannan.

Bayan sun zauna da gindinsu, Turawa sun fi jin tsoron Mahadiyya a kan komai, musamman bayan Satiru a 1906. Suna sa ido kan alhazai da malamai masu yawo da takardun da ke bin hanyar Sudan. A 1923 suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa, ƙasar Fika, kuma cikin abin da ya tayar musu da hankali har da hulɗar wasiƙa tsakaninsa da Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadin Sudan. Aka kai shi Buea ta Kamaru, daga baya aka dawo da shi Kano, ya shafe fiye da shekara 30 ba shi da ikon kansa. Shehu Sa'idu tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello ne. Kakan mahaifinsa ya tsare wasiƙar Ingilishi, ƙarni guda bai cika ba Ingilishi suna bin diddigin wasiƙun zuriyarsa.

To yau ina aka kwana?

A takarda dai muna da kariya. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. Sashe na 45 kuma ya ba da damar a taƙaita wannan ta hanyar doka saboda tsaro da zaman lafiya da makamantansu, kuma ta wannan kafa sauran dokokin suka shigo. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar kira har shekara 2, ta kuma ba alƙali ikon bayar da warantin da zai sa jami'i ya binciki kwamfuta ko waya, har ya yi amfani da na'ura ya warware abin da aka kulle. A 2019 hukumar sadarwa ta NCC ta fitar da ƙa'idojin tare saƙonni. A ciki, hukumomi irin su ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da DSS suna neman waranti wajen alƙali. Idan abu na gaggawa ne suna iya fara sauraro, su nemi warantin cikin awa 48. Akwai kuma wani sashe da bai cika shiga bakin mutane ba: idan saƙon da aka tare a kulle yake, kamfanin zai miƙa makulli ko lambar buɗe shi.

Wannan sashe na ƙarshe shi ya kawo mu ga rigimar da duniya ke yi. Kiran waya na yau da kullum da tes, kamfanin layinka yana iya kaiwa gare su, don haka waranti ya isa. WhatsApp kuwa tun Afrilun 2016 ya kulle saƙonni ta yadda makullin yana cikin wayar mai aikawa da ta mai karɓa kaɗai. MTN ko Airtel suna ɗaukar kaya ne a rufe, kamar direban da aka ba akwati da kwaɗo ba a ba shi makulli ba. Ko alƙali ya ce su buɗe, ba su da abin buɗewa. Shi ya sa gwamnatoci da dama suke son a tilasta wa masu ƙera waya da manhaja su bar wata ɓarauniyar ƙofa, ko su yanka makulli na biyu a ajiye wa hukuma.

A baki abin yana da daɗin ji: ai sai da waranti za a taɓa makullin. Matsalar ita ce waranti yana hawa kan mutum ɗaya ne, makullin kuwa yana buɗe ƙofar kowa, kuma yana nan dare da rana ko da waranti ko babu. An gwada an gani. A ƙasar Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu sun shiga na'urorin kamfanin Vodafone ta ainihin hanyar da aka tanada domin sauraron da kotu ta halatta, suka riƙa sauraron wayoyi kusan 100, har da ta firaministan ƙasar, Kostas Karamanlis. A 2024 hukumomin Amurka suka ce masu kutse da ke da alaƙa da Chaina sun shiga manyan kamfanonin wayar ƙasar, kuma rahotanni sun nuna kutsen ya taɓa tsarin da aka gina domin umarnin kotu. Chaina ta musanta. Abin dariyar shi ne, a ƙarshen shekarar jami'an Amurkan da kansu suka shawarci jama'a su koma amfani da manhajoji masu kulle saƙo. Ƙasar da a 2016 hukumarta ta FBI ta kai Apple kotu don ya rubuta manhajar da za ta karya kariyar wayar wani maharin San Bernardino ke nan. Apple ya ƙi, FBI ta sami wasu suka buɗe mata wayar, aka janye ƙarar. Gidan Waziri ne dai aka sake ginawa da waya da lantarki.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Mu ba Girka muke ba. Mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato suna sayar da gona su biya kuɗin fansa, kuma ta waya ake cinikin. A Satumban 2021 sai da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara gaba ɗaya saboda wannan. Wanda aka ɗauke wa ɗa ba ya son jin wani dogon Turanci a kan sirri. So yake a bi layin a kamo mutumin. Ni ma haka nake so. Amma mu tambayi kanmu: da wace irin waya 'yan bindigar nan suke kira? Galibi kira ne na yau da kullum a kan layin da aka yi wa rajista. Tun Disamban 2020 aka tilasta haɗa layi da lambar NIN, muka sha layi a rana. Kamfani ya san lambar da ta kira, da lokacin, da turken sadarwar da ya ɗauki kiran. Duk wannan yana samuwa da waranti a ƙarƙashin dokar da ake da ita, ba sai an karya kullen kowa ba. A Janairun 2024 Farfesa Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa na minista aka kawo tsarin, ya fito ya koka cewa ba a amfani da bayanan yadda ya kamata. Idan ƙofar da ke buɗe ba a shiga ba, ban ga hujjar neman a fasa ta kowa ba.

Kuma ba a ce hukumominmu ba su da kayan aiki ba. A 2013 jaridar Premium Times ta fallasa kwangilar dala miliyan 40 da aka ba kamfanin Elbit na Isra'ila domin sa ido kan sadarwar intanet. A ƙaramin kasafin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kusan naira biliyan 4.8 domin bibiyar WhatsApp da wayoyin Thuraya. A kan wa ake amfani da irin wannan ƙarfi? Abin da ya fito fili dai ba mai kwantar da hankali ba ne. Ranar 6 ga Janairun 2019 sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri saboda wani labari kan yaƙin Arewa maso Gabas, suka kwashe kwamfutoci. Kwamfutar ɗan jarida kuwa ba labari ɗaya ne a cikinta ba, akwai sunan duk wanda ya taɓa ba shi labari a ɓoye.

Sai dai gaskiya, yawancinmu ba da na'urar biliyoyi za a shiga wayarmu ba. Hanyar da aka fi bi a nan ita ce mafi araha: a tsayar da kai a hanya a ce buɗe wayarka. Ba alƙali, ba takarda, ba dalili. Abin ya yi yawa har ranar 4 ga Oktoban 2020 Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Adamu ya fitar da umarnin hana jami'ansa binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai, kwanaki kaɗan kafin zanga-zangar EndSARS ta ɓarke. Umarnin ya tabbatar da abin da sashe na 37 ya riga ya faɗa. Kafin kundin ma, mu da aka karantar da mu Suratul Hujurat da Suratun Nur mun san an hana bin diddigin asirin mutane, an kuma hana shiga gidan wani sai da izini. Malamai suna kawo ƙissar Sayyidina Umar da ya haura katanga ya tarar da mai laifi, mai laifin ya lissafa masa ƙa'idojin da shi ma ya taka wajen shigowa, Halifa ya janye. Shugaba ne sukutum, laifin kuma a gabansa yake, amma hanyar shigar ta ɓata hujjar.

Me ya sa na kawo wannan gaban marubuta musamman? Saboda mun taɓa ɗanɗanawa. A 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da wayar hannu, ya fita ya bi wayoyin Kano ta Bluetooth. Ba wanda ya ce hukuma ce ta fitar da shi, amma ku dubi abin da ya biyo baya. Aka dakatar da shirya fim na watanni, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Fina-finai, kuma abin da ya ci Doma bai bar Awe ba: a 2008 hukumar ta nemi marubuta su yi rajista ɗaya bayan ɗaya, a kuma duba littafi kafin ya shiga kasuwa. Sai da ƙungiyoyin marubuta, ciki har da ANA reshen Kano ƙarƙashin Malam Ado Ahmad Gidan Dabino, suka tsaya kai da fata kafin a sasanta. Irina muna firamare a lokacin, a bakin manyanmu muka ji. Abin da ke cikin waya ɗaya ya girgiza sana'a biyu.

A wancan lokacin littafin marubuci yana cikin littafin rubutu mai layi, a ƙarƙashin katifa ko a shagon mai buga rubutu. Yau fa? Yawancinmu a waya muke rubutawa, a waya muke sayarwa, a waya ake turo mana shaidar biya. A cikinta akwai babin da ba a gama ba. Akwai muryar baiwar Allahn da ta ba ki labarin aurenta da sharaɗin ki canja suna da gari. Akwai ainihin sunan marubuciyar da duniya ta sani da sunan alƙalami kawai, wadda wataƙila ko dangin mijinta ba su san tana rubutu ba. Wannan sirrin ba namu ba ne mu kaɗai, ajiya ce aka ba mu, kamar yadda aka ba Clapperton.

Ga kuma batun fassara da na ce zan dawo kansa. A ce kana rubuta labari kan garkuwa da mutane, ka zauna ka tsara yadda ɗan bindiga zai yi cinikin fansa, ka tura wa abokinka ya duba maka ko maganar ta yi kama da ta gaske. Ka kuma bincika farashin bindiga da hanyoyin dajin Rugu don labarin ya zauna. Idan aikin ya yi kyau, to ya yi kama da gaske ke nan. Yanzu cire wannan saƙo daga cikin littafin, ka miƙa shi ga wanda ya karɓi wayarka a bakin titi da ƙarfe goman dare. A gaban alƙali kana da lauya, kana da sauran babi 30 da za ka nuna, akwai kuma takardar da ta faɗi abin da aka zo nema da abin da ba a zo nema ba. A bakin titi daga kai sai wanda ke riƙe da wayar, shi ne mai karatu, shi ne mai fassara.

Don haka idan muhawarar nan ta iso majalisa, kuma za ta iso, domin ko a Fabrairun 2025 sai da Apple ya janye wani tsarin kulle ajiyarsa daga Birtaniya bayan rahotannin cewa gwamnatin ƙasar ta nemi a buɗe mata hanya, ni ga inda na tsaya. A ba hukuma waranti, a kuma sa ta yi aiki da shi da sauri a kan wanda ake zargi: sunansa, na'urarsa, abin da ake nema, da ranar da izinin zai ƙare. A riƙa bayyana wa majalisa adadin warantin da aka nema a shekara da adadin da alƙalai suka ƙi. Awa 48 ɗin nan ta gaggawa a sa mata mai duba ta daga wajen hukumar da ta yi sauraron. Makullin da zai buɗe wayar kowa kuwa, kada a yanka shi ko da wanda ya nema mutumin kirki ne, domin Waziri Buhari ma mutumin kirki ne.

Wasiƙun da aka kwasa a gidansa, da waɗanda suka tsira a hannun iyalan gidan da gidajen adana tarihi na Sakkwato da Kaduna, su ne yau masana ke dogaro da su wajen sanin abin da sarakunanmu ke tunani a shekarun ƙarshe kafin zuwan Turawa. Mai son rubuta ƙagaggen labari a kan 1903 zai sami abin da yake nema a cikinsu: tsoro, da shawara, da saɓani tsakanin masu cewa a tsaya a yi yaƙi da masu cewa a tashi a yi gabas. Ni kaina na amfana da su wajen wannan rubutu, ina sane da cewa ba ni aka rubuta wa ba.